Layi Ɗaya a Kan Jan Cuku

Sunana Dija, amma daga Tsamiya har Kaoje Goggo ake ce mini. Cuku nake yi, wanda mutanen tsallaken iyaka ke kira wagashi, tun kafin a yi mini aure. Ban yi boko ba. Hauwa'u ɗiyar ƙanena, malamar firamare a Bagudo, ita ke riƙe da biro. Ina faɗa tana rubutawa, ta karanta mini, inda ta ƙara gishiri in sa ta cire. Ta ce za ta mai da bakina Hausar takarda. Na ce ta mayar, amma inda mutum ya yi magana ta bar masa ita yadda ya yi ta.

Saboda ku nake wannan, 'yan matan da ke zuwa mini da cewa sati ɗaya ya isa koyon cuku. Da ku kuma masu waya a hannu, da kuke ganin rubuta abu duniya ta karanta bai wuce motsa babban yatsa ba. Na ga aikin biyu kusa da kusa, babu mai sauƙi a cikinsu.

Aikina na farko wanki ne. Yafendo Kumbo, ƙanwar mahaifiyata da ta zauna wajen Segbana, can tsallaken iyaka, ta dawo da sana'ar, ba ta bar ni na taɓa madara ba sai da damina guda ta wuce. Tukunya, ludayi, ƙwarya, ƙyallen tata, da ƙananan kwandunan kaba da cuku ke tsanewa a ciki, su nake wankewa da ruwan zafi in shanya. In na gama sai ta ɗauki kwando ɗaya ta kai hanci. Ba ta faɗa, ba ta duka. Ajiye shi take a gabana ta wuce, in sake. Tsamin jiya in ya maƙale a saƙar kwando, shi ke lalata cukun yau.

Tukunyar farko da ta bar mini, ɓata ta na yi. Madarar safe ake so, wadda aka tatso yanzu, a tace a ɗora a wuta marar ƙarfi. A daka ganye da ɗanyen karan tumfafiya, a jiƙa a 'yar madara, a tace, a zuba lokacin da tukunya ta yi ɗumin da yatsa zai iya zama a ciki. Sai jira. Madara za ta haɗe jikinta ta rabu da ruwa, ruwan ya koma tsanwa-tsanwa, a ƙara wuta kaɗan, a kwashe da ludayi a zuba a kwanduna. In tumfafiya ta yi yawa cuku ya yi ɗaci, in ta yi kaɗan ki wuni kallon madara. Ni jiran ne ban iya ba. Na sa ludayi na juya, Yafendo ta zo ta daidaita wuta, tana ba da baya na sake juyawa. Abin da muka kwashe tsaki-tsaki ne kamar dusa.

Ta dube shi ta ce, "Dija, hannu biyu sun yi gardama cikin tukunyag ga, shi ya sa ba ta kama ba. In kina da magana ki yi ta da ni, ki bar madara ta huta."

Jan da kuke gani a bayan cuku shi ne aiki na ƙarshe. Ana tafasa cukun a ruwan gishiri da karan dafi, wato jan ɓawon karan wata irin dawa da muke shukawa layi biyu ko uku a bakin gona, da 'yar kanwa kaɗan. Ya fito ja mai duhu kamar busasshen goro, cikinsa fari tas. Mai saye daga nesa shi yake nema, don ya fi jure hanya.

Shekarar da kogi ya haura ya cinye gonakin bakin ruwa, karan dafi ya ɓace. Shanu sun hau tudu, madara ta ragu, ɗan karan da ya rage sai a tsallake ake samunsa. Ni na koma kai farin cuku kasuwa, ana wuce ni. A wannan shekarar wata maƙwabciyar rumfata ta fara kawo ja, ja zir, mai ɗaukar ido. Ba zan faɗi sunanta ba, jikokinta na shiga gidana. Ban dubi cukun ba, yatsunta na duba. Karan dafi ba ya kama farce haka. Garin rinin tufafi ne na ƙulli. Na bari kasuwa ta watse, na jiƙa bakin farin mayafina na goga a cukunta a gabanta, na nuna mata. Ba mu yi hayaniya ba. Ta haƙa rami ta binne sauran, ba ta sake ba har ta bar duniya. Ban gaya wa kowa ba, shekara da shekaru.

Wata ranar kasuwar Tsamiya, 'yan shekarun nan, na jera cuku a faifai ina jiran Alhaji Mamman. Shi ke kwasar kayan mu mata da yawa ya kai Birnin Kebbi da Jega a motarsa. Ya zo, ya gaishe ni, bai tsugunna ba. Da na ga haka na san akwai magana.

"Goggo, yau ba ni ɗauka."

"Mi ya faru? Motar ta mutu?"

"Mota lahiya lau. Mutane na sunka ƙi. Na makon jiya ma rabinai ya dawo."

Ya ciro waya ya karanta mini layi ɗaya da ake ta turawa tsakanin matan birni: wai jan cukun ƙasarmu da rinin tufafi ake yin sa. A ƙarƙashi an sa hoton shafin da aka ɗauko shi, don a san ba ƙirƙira ba ce.

Ku da ba ku san sana'ar ba, ku gane abin da wannan ke nufi. Saniya ba ta san an daina saye ba, gobe da safe sai an tatse ta. Cukun da bai tafi ba kullum sai an sake tafasa shi, yana ƙanƙancewa yana tauri, har ya zama na sadaka. Rugage da yawa ke kawo mini madara. In na daina karɓa, ba ni kaɗai na tsaya ba.

Washegari na aika aka kira Hauwa'u ta zo. Ashe ta fi ni sanin maganar. Ta ce akwai wani kundin sani a intanet, da Hausa, wanda ba ma'aikata ke rubuta shi ba. Mutane ne 'yan sa kai, kowa daga garinsu, babu mai biyansu. Kowa na iya ƙarawa, kowa na iya gogewa, amma akwai ƙa'ida: abin da ka rubuta sai ka nuna madogara, wato littafi ko jarida ko shirin da wani zai iya komawa ya duba. Ita ma tana cikinsu. Ita ce ma ta fara shafin cuku. Sai wani Sanusi, mai aiki a shagon magani a Birnin Kebbi, ya ƙara wancan layin, ya jingina shi da labarin wata jarida da ta ce an kama masu rina abinci a wata kasuwa mai nisa.

"Na goge shi, Goggo, na rubuta ba a taɓa yi ba."

"Sai me?"

"Ya mayar."

"Sau nawa kinka goge?"

Ta duba. Abin da ya burge ni ke nan a aikin nasu: babu abin da ke ɓacewa. Duk wanda ya taɓa shafi, sunansa da lokacinsa da abin da ya cire suna nan a ƙasa kamar sawun shanu a laka.

"Sau biyar."

"Shi hwa?"

"Sau biyar."

"Yanzu na wa ke sama?"

Ta ce nasa ne. Wata babba a cikinsu, daga Gusau, ta gaji da su ta kulle shafin, ta ce babu mai taɓawa sai sun daidaita. Ta kulle shi da layin Sanusi a ciki, don shi ke da takarda, Hauwa'u kuwa abin da ta rubuta a matsayin hujja shi ne, goggota ta fi shekara arba'in tana yi.

Na ce ta karanta mini abin da suka ce wa juna, don akwai wani zaure a bayan kowane shafi inda suke gardama. Ta karanta. Shi ya rubuta mata cewa goggo ba madogara ba ce. Ita ta rubuta masa cewa wanda bai taɓa ganin tumfafiya ba sai a bakin titi ya bar maganar abinci ya koma ƙirga ƙwayoyi. Shi ya ce lafiyar jama'a ta fi cinikin dangin wani. Ita ta ce ɗan birni ne.

"Kun taɓa ganin juna?"

"A'a."

"To ku biyu kun sa ludayi cikin tukunyata kuna juyawa, ni ka kwasar dusa. Kira shi."

"Goggo, ba ya zuwa."

"Ba ki ce mai yi don Allah ne ba? Wanda ka aiki ba a biya nai, shina zuwa. Ce mishi tsohuwar da ba madogara ba na gaishe shi."

Ya zo. Ranar Asabar da hantsi, a bayan ɗan kabu-kabu, takalminsa ya sha laka. Saurayi ne dogo mai tabarau, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, wanda ban zata ba. Kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da wata ma'aikaciyar gidan rediyo da na'urar ɗaukar magana. Ya ce shi ya nemo ta.

"Inna, ba ƙaryata ki niy yi ba. Amma in na rubuta Inna ta ce, gobe wani ya rubuta kawunai ya ce, wa za a bi? In an sa maganarki a rediyo, an aje ta inda kowa ka iya saurare, to ta zama abin da za a koma a duba."

"Wato bakina bai zama gaskiya ba sai ya bi ta cikin akwati."

"Ba haka ba ne, Inna."

"Haka ne mana. Amma na gane. Ni ma ba ni sayen madara da an ce. Sai na kai hanci. Tashi ka ɗauki taɓarya."

Shi ya daka tumfafiya ranar. Ya riƙe taɓarya kamar mai tsoron ta cije shi, ruwan ganyen ya fantsamar masa a tabarau, matan gidan suna ta dariya a bayan zana. Hauwa'u ta ce, "Malam, a kawo maka madogara kan yadda ake daka?" Ya ce, "Ki kawo, amma ban da goggo." Nan suka fara dariya da juna. Na sa shi ya tsoma yatsa ya ji ɗumin, na hana shi motsi har madara ta kama a idonsa. Ya ga karan dafi, ya murza, ya shinshina, ya ɗauki hoto. Ya ga ruwa ya yi ja, ya ga cuku ya fito.

Sai mai rediyo ta kunna na'ura, Hauwa'u ta matso tana murmushi, ta yi tambayar da ta tabbata ta san amsarta.

"Goggo, gaya musu. An taɓa rina cuku da rinin tuhwahi a ƙasag ga?"

Na ce, "An taɓa."

Murmushin ya tafi. Ta miƙa hannu za ta sa a tsai da na'ura, na buge hannun.

"Goggo! Kin san abin da kika yi? Yanzu ya ci!"

"Ba kokawa aka yi ba, balle wani ya ci. Ke kin rubuta ba a taɓa yi ba, ƙarya ce, nig gani da idona. Shi ya rubuta haka aka yi, shi ma ƙarya ce, ya ga tukunyata. In na ce ba a taɓa ba, ran da wani ya kama guda, duk abin da nic ce ya zube, har da na gaskiyar."

Na ba da labarin shekarar ambaliya, ban kama suna ba. Sannan na ɗaga faifai. Tun jiya na aika an sayo mini ƙullin rini, na rina cuku ɗaya na ware shi. Na ajiye shi kusa da nawa, na jiƙa farin ƙyalle na ba Sanusi.

"Goga wanga. To goga wancan."

Nawa ya bar ɗan dishi-dishi mai duhu. Ɗayan ya bar ja mai haske, ya kama ƙyallen, ya kama yatsunsa. Na yanka su biyu ya duba. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Layina ya yi faɗi da yawa." Na juya na dubi Hauwa'u. Ta ce, "Nawa ma." Rinannen cukun a gabansu na sa aka binne shi.

Kada ku zaci nan aka gama. Shirin ya fita a rediyo, aka ajiye shi a intanet, matar Gusau ta buɗe shafi, sai sabuwar gardama. Sanusi na son maganar rini a sama, don mai karatu ya fara cin karo da gargaɗi. Hauwa'u na son ta a can ƙasa inda ba kowa ke kaiwa ba. Kwana da kwanaki tana zuwa tana karanta mini. Amma yanzu a zauren baya suke yi, ba wanda ya taɓa shafin sai sun yarda. Har wasu da ban san su ba suka shigo. Ɗaya ya gyara musu rubutu kawai ya fita. Wata ta ce a cire kalmar "mafi daɗi" da Hauwa'u ta saka, don kundi ba talla ba ne. Na ce ta yi daidai, duk da dai shi ne mafi daɗi.

Wani kuma daga tsallake, mai jin Hausa da Dendi, ya ƙara cewa a wajensu wasu na kama madara da ganyen gwanda in babu tumfafiya. Na ce a goge, ban taɓa ji ba.

"Goggo, yana da madogara."

"Ni ba ni da ita?"

"Ke kinka ce sai an kai hanci."

Na ɗora 'yar ƙaramar tukunya na gwada. Ta kama. Bai yi ƙarfin nawa ba, amma cuku ne. Na ce a bar masa layinsa.

Abin da suka tsaya a kai shi ne: a fara da yadda ake yi, da karan dafi da hotonsa. A bi da cewa an samu masu amfani da rini, ba su ne yawanci ba. Nan take kuma a faɗi yadda mai saye zai bambanta, da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Sanusi da kansa ya ɗauki sabon shafin ya tura ko'ina tsohon ya bi, ya manna shi a takarda a ƙofar shagon da yake aiki.

Ciniki bai dawo rana ɗaya ba. Mugun labari ya riga ya yi nisa, gyaransa a ƙafa yake tafiya. Kasuwa uku ina rage madarar da nake karɓa. A ta huɗu Alhaji Mamman ya zo ya tsugunna. Ya ce mutanensa sun ce a kawo, amma za su gwada. Na ce su gwada, abin da nake so ke nan. Matan rumfarmu na tara su na ce duk wadda na ga farcenta ya yi ja zir, ba sai jarida ta zo ba, ni zan tona ta.

Hauwa'u da Sanusi har yau suna gardama. Yanzu kan shafin kifin banda suke, ta ce ya cika taurin kai, ya ce ta cika son garinsu. Wani lokaci ya kira ta ya ce a tambayi Inna. In na sani in faɗa, in ban sani ba in ce su je Kaoje wurin masu abin. Ku masu son shiga aikin nan, ku shiga, yana da kyau. Amma kafin ki danna, ki tuna akwai wata a wani ƙauye da ba za ta taɓa karanta layinki ba, kuma gobe da safe za a kawo mata madara.

Makon da ya wuce wata mota ta tsaya a bakin kasuwa, wata mata mai gilashi ta fito, da ganinta ma'aikaciya ce. Ta tsaya a kan faifaina, ta buɗe jaka ta ciro farin hankici, ta zuba masa ruwan roba.

"Iya, kada ki ji haushi, ba raini ba ne. Masana ne suka ce a riƙa gwadawa haka, a intanet na karanta. Ke ma ya kamata ki sani."

Na ɗauki mafi girma na miƙa mata.

"Masana sun yi gaskiya, ɗiyata. Goga da ƙarfi. In kin gama ki juya ɗaya gefen."